Ƙullin Tsoho Brugger

Shafi na 27

Na ga saƙonninku. Wata ma cewa ta yi ta fasa ɗora girki saboda na bar Walburga a hannun 'yan sandan ciki. Baiwar Allah, je ki ɗora tukunyarki tukuna, yara ba su yi miki laifi ba. Sababbin shigowa kuma ku matso, Walburga za ta faɗa muku inda aka kwana da bakinta.

*

Ƙarfe tara na safe suka fito da ni daga ɗakin ƙasa, suka sa ni a baƙar motarsu, suka mayar da ni ofishinmu. Ofishin raba makaman soja na garinmu, inda na yi shekara uku ina buga tafireta. Matan da muke raba burodi tare kullum, da suka gan ni tsakanin ƙarti biyu masu doguwar rigar fata, kowacce ta cusa kanta cikin takardu. Ban ga laifinsu ba. Ni ma haka na yi ranar da aka zo ɗaukar wani.

Zancen dai ɗaya ne. Tarago uku na bindigogi da ya kamata su tafi gabas, wajen samarinmu da sanyi ke ci a fagen yaƙi, sun yi ɓatan dabo. Ganinsu na ƙarshe a wata 'yar tasha ce a bakin kogi, inda in ka yi jifa dutsen zai sauka a Suwizalan. Kowa a ofis ya san akwai dillalai a ƙetare masu sayen makami su sayar wa duk wanda ya miƙo hannu. Kowa kuma ya san yadda ake kama baki.

Sai ga takardar umarnin kai taragun can ta ɓulla a fayil ɗinmu, da sa hannun Direkta. A ƙasanta kuma, inda mai buga takarda ke sa haruffan sunanta, ga nawa zaune daram.

Ni kuwa ko a mafarki ban taɓa ganin takardar ba.

Maza uku na tarar a ɗakin Direkta.

Direkta Kessenich, shugaban ofishinmu, ƙaton mutum mai jan wuya, yana ta share gumi alhali muna cikin Nuwamba. Kwamishina Strub na 'yan sandan ciki yana tsaye jikin taga, siriri, hannu cikin aljihu. Shi ya kama ni jiya. Su biyun nan shekara biyu ke nan suna neman wuyan juna a kan wa zai riƙe hanyar jirgin da ke zuwa iyaka.

Na ukun baƙo ne, Manjo Tessmer, wanda aka turo daga Berlin ya gano inda bindigogin suka shiga. Shi ya hakimce a kujera mai laushi yana kurɓar kofi. Kofi na gaske, ba ƙonannen sha'ir ɗin da muke sha ba. Rabona da jin ƙamshin nan tun kafin yaƙi.

"Zauna, Fräulein Eisele," in ji Strub, da sanyin murya kamar mai lallashin yaro. Eisele sunan gidanmu ne, Fräulein kuwa haka ake kiran budurwa a wajenmu. "Faɗa wa Manjo abin da muka tattauna jiya."

"Ban buga takardar ba, yallaɓai."

"Ba wannan ba. Ɗayan."

"Ka ce in ce Direkta ne ya faɗa min na buga."

"Ban ce ki ce ba. Cewa na yi ki tuna."

Direkta ya daki tebur.

"Ƙarya ne! Ranka ya daɗe, yarinyar nan kullum sai ta kawo min takardu ashirin, talatin, in sa hannu. Ta san hannuna fiye da matata. Ita ta kwaikwaya! Wa ya san ko wani saurayi take da shi a ƙetaren kogi?"

Na dube shi. Mutumin da bara na ratsa ƙanƙara har gwiwa na kai wa 'yarsa maganin tari.

"Herr Direkta, ni?"

"Kar ki kuskura ki kira sunana!"

To kun ji fa. In na ce Direkta ne, a rataye shi, a rataye ni da na buga. In na yi shiru, a rataye ni ni kaɗai. Ta ko'ina aka juya, wuyana na ciki. Shekarata ashirin da uku, ga uwata a gida idonta ya mutu, tana jiran in dawo in hura mata wuta. Tsoron da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Manjo ya ajiye kofin.

"Kun ishe ni. A Berlin za a warware. Kwamishina, yarinyar ta shiga mota, jirgin sha biyu za mu bi. Ba ni fayil ɗin."

Strub ya ajiye wata babbar ambulan mai jan hatimi. A gaban shaidu ya liƙe ta ranar da ya zo ya karɓi fayil ɗin, don kada wani ya ce an taɓa. A gefenta ya ajiye nasa fayil ɗin, rawaya, mai ɗauke da sunana.

Manjo ya fasa hatimin, ya juya bangon fayil ɗinmu, ya ɗaga gira.

"Ina sa hannun mai ajiya?"

"Ba ya nan ranar da na karɓa."

"To a kira shi."

"Ranka ya daɗe, wani tsoho ne da bai san inda kansa yake ba. Ba sai mun..."

"Fayil ba ya barin gari sai mai ajiya ya shaida cewa cikakke ne. Ko ku a nan Baden doka ba ta iso muku ba?"

Mu ke nan. Za a iya kai mutum a kashe shi bai ci ba bai sha ba, amma ba za a kai shi da takardar da ba ta cika ba. Wannan kam abin kunya ne.

Aka aika.

Sai ga shi ya shigo, Herr Fridolin Brugger, mai ajiyar fayil. A bayan idonsa Tsoho muke ce masa. Ɗan ƙaramin mutum mai shekara sittin da shida, arba'in da takwas daga cikinsu a ɗakin ajiya ya yi su. Baƙin ƙyalle a hannun riga don kada tawada ta ɓata, ƙwallon kirtani ya kumbura masa aljihu. Kullum da fayil a hammatarsa ta dama, don haka ba a taɓa ganin ya ɗaga hannu ya yi gaisuwar nan da aka wajabta mana ba. Shekara goma yana wannan dabara, ba wanda ya iya kama shi.

Sau ɗaya yake fashin aiki a shekara, ranar da yake zuwa kabarin matarsa. Ranar kuwa Strub ya zaɓa ya zo karɓar fayil.

"Barkanku da safiya," in ji shi.

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Fräulein Eisele, jiya kin tafi kin bar tafiretarki a buɗe. Ƙura za ta shiga. Na dai rufe miki."

Tun da aka kama ni ban yi kuka ba, amma wannan magana saura kaɗan ta sa ni.

"Tsoho, sa hannu a nan, muna sauri," in ji Manjo, ya miƙa masa alƙalami.

Bai karɓa ba. Ya ajiye abin da ke hammatarsa, ya jawo fayil ɗin gabansa. Ko buɗewa bai yi ba. Ya ɗora yatsa a kusurwar sama ta hagu, inda kirtani ke bi ta huda biyu ya haɗe takardun. Ya rufe ido yana shafa ƙullin.



"Ba zan sa ba."

"Me ka ce?"

"An kwance fayil ɗin nan an sake ɗaurewa, ranka ya daɗe. Karatu ba ya sa a kwance fayil. Sai in za a cire takarda, ko a ƙara."

"Yarinyar ce mana," in ji Strub daga jikin taga. "Ba ita ke taya ka ba?"

"Ita ce ke taya ni."

"To ka gani."

Tsoho ya zaro kirtani daga aljihu, ya tsinke da haƙori, ya ɗauko fararen takardu masu huda daga tiren Direkta, ya ajiye a gabana.

"Ɗaura, Fräulein. Yadda na koya miki."

Sau biyu kirtanin ya kuɓuce min. Amma hannu ya san aikinsa. Na zura, na naɗa a yatsa, na ja. Ƙullin ya fito da kunne ɗaya, kwance wajen hagu.

"Ranka ya daɗe, jawo kowane fayil ka ga dama daga waccan kantar."

Manjo ya yi ɗan murmushin wanda ya samu abin kallo. Ya miƙe da kansa ya jawo ɗaya. Kunne ɗaya, wajen hagu. Ya jawo wani. Haka. Ya jawo na can ƙasa, mai ƙura. Haka.

"Yanzu dubi wannan."

Muka duba. Ƙullin da ke jikin fayil ɗin bindigogi kunne biyu gare shi, daidai wa daida, zaune tsaf kamar an zana.

"Sai me?" in ji Manjo.

Tsoho ya ɗaga hannunsa na hagu. Yatsu huɗu ne. Kullum muna ganin hannun, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa.

"Babban yatsana yana can Faransa tun wancan yaƙin. Ƙulli mai kunne biyu sai da babban yatsa. Da na dawo sai na nemi yadda zan yi da abin da ya rage min. Duk wanda ya shigo ɗakin ajiyata shekara ashirin da bakwai ɗin nan, ƙullin gurgu na koya masa. Yarinyar nan ba ta san wani ba. Ba a ma haife ta ba lokacin da na yi mai kunne biyu na ƙarshe."

Strub ya yi dariya ta hanci.

"Duk akawun ƙasar Baden kunne biyu suke yi. Sai a kamo su duka?"

"Gaskiya ne, kunne biyu suke yi," in ji Tsoho, ko juyawa bai yi ba. "Amma suna barin wutsiyar kirtanin a waje tana reto. Ranka ya daɗe, nemo min wutsiyar wannan."

Manjo ya sunkuya. Ya juya fayil ɗin, ya ɗaga shi wajen haske.

"Babu."

"Tana nan. An mayar da ita ƙarƙashin ƙullin an kwantar, don kada ta kama hannun riga. Wannan ba a littafi yake ba, ni na ƙirƙiro shi ina saurayi. Yara biyu kacal na koya wa kafin a kira ni soja."

"Su wa?"

"Ɗaya Alois Hug. Bai dawo daga Faransa ba. Ni na je na faɗa wa uwarsa."

"Ɗayan fa?"

Tsoho ya cire tabaransa, ya goge da gefen riga, ya mayar. Duk muka zuba masa ido. Har Direkta ya manta da share gumi.

"Ɗayan maraya ne. Ya zo min cikin takalman da suka fi ƙafarsa. Matata ke zuba masa miya da rana, in ya ƙoshi ta ƙunsa masa dankali ya tafi da shi. Wata shida ina dukan bayan hannunsa da rula kafin ya iya ƙullin nan. Da ya iya kuwa, ya fi ni."

"Sunansa nake tambaya, tsoho."

Sai ya juya wajen taga.

"Pirmin, cire hannunka daga aljihu in ana magana da kai."

Jama'a, da idona na gani. Kwamishina Strub, mutumin da in motarsa ta tsaya a layi ake kashe rediyo a kowane gida, mutumin da manyan sojoji ke sauya hanya saboda shi, ya zare hannayensa daga aljihu ya miƙe zam. Kafin ma ya san ya yi. Ban taɓa sanin yana da sunan yanka ba, balle a ce an taɓa dukansa da rula.

Ya farga, fuskarsa ta yi ja.

"Tsufa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Shekara talatin rabona da kirtani."

"Wancan fa?"

Tsoho ya nuna da haɓa. Rawayan fayil ɗin nan mai sunana, wanda Strub ya shigo da shi da kansa, yana nan inda ya ajiye shi.

"Ofishinku da maƙalin ƙarfe kuke haɗa takardu, na sani. Amma tun ina bakin ƙofa na hango wancan."

Manjo ya jawo shi a hankali, ya jera shi gefen namu. Kunne biyu, ba wutsiya. Ko tagwaye ba su kai su kama ba.



"Da ka yi masa ƙullin buhun dankali, da ban san kai ba ne," in ji Tsoho, muryarsa ba faɗa a ciki. "Da ka bar shi a kwance ma, da na ce ɓarawo ne. Amma ba za ka iya ba. Ka shigo ranar Lahadi ba kowa, kana sauri, kana sauraren motsi, duk da haka ka tsaya ka kwantar da wutsiya. Ƙulli ne mai kyau, Pirmin. Na ji daɗin ganinsa. Abin da ka ɗaure da shi ne ƙazanta."

Mutumin nan da muke yi wa dariya in ya ɓata minti biyar yana gyara kusurwar takarda, yau ga shi ya tsaya da kirtani ya ɗaure hannun mutumin da duk garin ke tsoro. Na dube shi na ga kamar ya ƙara tsawo.

Direkta ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya yi tsalle, har kujerarsa ta faɗi.

"Na kama ka, ɗan iska! Na kama ka! Kai ka sayar, ka ɗora min! Yau sai ka kwana a ɗakin da kake kai mutane!"

Ya kai hannu kan waya.

"Ɗaga, Kessenich," in ji Strub a hankali. "Ɗaga mana. Sai in faɗa musu taragun watan Yuni da na Agusta wa ya sa musu hannu. Su kam ba jabu ba ne."

Hannun Direkta ya tsaya a kan wayar kamar an kafe shi.

Ashe haka ne. Su biyun duk ɓarayin abu ɗaya ne, rabo ne ya haɗa su faɗa. Na juya wajen Manjo. Na ce shi ke nan, ya ji da kunnensa, ya gani da idonsa, yau zan kwana a gida. Har na fara tunanin abin da zan ce wa uwata.

Manjo ya daɗe yana kallon ƙullin biyu.

"Ikon Allah," in ji shi. "Tsoho, da irinka goma ne a ƙasar nan da mun ci yaƙin tuni."

Ya miƙa hannu ya ɗauki almakashin takarda daga teburin Direkta.

Ƙyas.

Ƙyas.

Ya tattara guntayen kirtanin, ya buɗe murhun ɗumama ɗaki, ya watsa su ciki, ya rufe. Ya karkaɗe hannu.

"Wane ƙulli?"



"Ku biyu kun ba ni kunya," ya ce da su. "An buɗe muku hanya shiru, a ce ku ci shiru, kun tsaya kuna haƙa wa juna rami har hayaniyarku ta kai Berlin. Ni na roƙa a turo ni. Da wani aka turo, da yanzu mu uku muna cikin mota ɗaya. Kwamishina ba zai faɗi ba, Direkta ba zai faɗi ba, don duk wanda ya faɗi a cikinku da bakinsa a buɗe zai faɗi. Berlin suna ɗaya take so, ƙarami, da takardar amsa laifi."

Ya dube ni. Ba ƙiyayya a idonsa, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Takardun fayil ɗin sun fara zamewa, tunda ba abin da ke riƙe su. Ya daidaita su da tafin hannu, ya ɗauki ƙwallon kirtanin da Tsoho ya ajiye, ya gangaro min da shi ta kan tebur.

"Fayil ba ya tafiya a kwance. Ɗaura, Fräulein."

Kirtanin bai iso gare ni ba. Hannu mai yatsu huɗu ya tare shi a hanya.

"Aikina ne," in ji Tsoho.

"Duk ɗaya. Ɗaura ka sa hannu, ka koma ɗakinka ka manta."

"Zan ɗaura. Zan sa hannu. Amma sunan da za ka kai Berlin nawa ne."

"Herr Brugger!" na ce.

"Shiru, Fräulein, manya na magana."

Ya fuskanci Manjo.

"Ranka ya daɗe, ka yi tunani. Yarinya ce. In kun kai ta, mari biyu za ta faɗi duk abin da ta ji a ɗakin nan, ga akawu zaune yana rubutawa kwafi uku. In kuma ta mutu a hanya, za a turo wani Manjon, wanda ba naku ba. Ni kuwa makullin ɗakin ajiya yana wuyana. Na san hannun Direkta, na san tafiretarta, na san lokacin jirage. Wa zai yi musu in na ce ni ne? Zan faɗa, in sa hannu, in maimaita a gaban alƙali ba tare da na sauya harafi ɗaya ba."

"A kan me?"

"Ta koma teburinta yanzu. In aka taɓa ko gashin kanta kafin a yanke min hukunci, zan tuna komai, da ranaku da lambobin tarago. Bayan an yanke kuwa fayil ya rufe. Ba mai sake buɗe rufaffen fayil don maganar mai buga tafireta."

"Bayan an yanke ba ka nan, tsoho. Ka san abin da ake yi wa mai sayar da makamin soja?"

"Ni nake ajiye takardunsu."

Manjo ya jingina, ya zuba masa ido. Ina jin shi ma a ranar ya ga abin da bai taɓa gani ba.

"'Yarka ce?"

"A'a."

"Jikarka?"

"Ba ni da kowa. Ma'aikaciyata ce. A ɗakina aka yi mata sharri, ranar da ba na nan."

Ya zura kirtani a huda. Yatsu huɗu, ko rawa ba sa yi. Ya naɗa, ya ja, kunne ɗaya ya kwanta wajen hagu. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta a bango cewa fayil cikakke ne, ba a taɓa shi ba. Ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ya danna takardar shanye tawada.

Shekara arba'in da takwas bai taɓa sa hannu a kan ƙarya ba. Saboda ni ya yi. Na durƙusa na kama hannun rigarsa ina kuka, ina cewa a'a, ina cewa su tafi da ni, alhali Allah ya sani so nake in rayu. Har yau ina jin kunyar wannan, kuma har yau ban ga mutum kamarsa ba.

"Tashi, Fräulein Eisele. Lokacin aiki ne. Akwai wasiƙu shida a tirenki tun jiya."

"Na yarda," in ji Manjo, ya miƙe yana gyara ɗamara. "Kwamishina, sa masa ankwa."

Strub bai motsa ba.

"Kwamishina."

"Ban da shi."

"Me ka ce?"

"Na ce ban da shi." Muryar nan mai sanyi ta tafi, wata ce daban ke fita, tana karkarwa. "Ku ɗauki yarinyar kamar yadda aka tsara. Ni zan rufe mata baki tun kafin Berlin, na san yadda ake yi. Maigida, kowa amma ban da kai."

Maigida ya ce masa, kamar yaron da aka kawo koyon aiki jiya.

"Da ka tuna da haka tun ranar Lahadin nan, Pirmin."

"Ban san za a kira ka ba! Na zaɓi ranar da ba ka nan don kada ka shiga!"

"To na shiga."

"Kwamishina, umarni nake ba ka," in ji Manjo.

"Kai ba shugabana ba ne, Tessmer."

"Ku yi wa Allah ku rage murya," Direkta ya ce, yana waige-waige. "Za a ji a waje!"

Tsoho ya kama kafaɗata. Ban san yana da ƙarfi haka ba. Ya tura ni har bakin ƙofa, ya buɗe, ya fitar da ni.

"Je ki. Kar ki waiwayo."

Ya rufe. Na ji ya murza makulli daga ciki.

Ƙartin nan biyu masu rigar fata suna tsaye a baranda. Mutanen Strub ne, maganarsa kaɗai suke ji. Ɗaya ya tare min hanya da hannu.

"Ina zuwa?"

"An ce in koma aiki."

"In ji wa?"

Na kasa kunne wajen ƙofa. Muryoyi na tashi a ciki, ta Manjo, ta Strub, ta Direkta yana roƙo. Sai ta Tsoho, a hankali, kalma biyu ko uku da ban ji ba.

Na san abu ɗaya. In Strub ne ya fito ta ƙofar nan yana ba da umarni, ba zan ga uwata ba.

Sai ƙarar bindiga. Ɗaya tak.

Duk tafiretocin ofis suka tsaya.

Wani abu mai nauyi ya faɗi a ciki, ya ja kujera tare da shi.

Sai makulli ya fara juyawa.